Wa Zai Ci Gonar Tsoho Yana Raye?

A ƙasar Wurno ana iya samun dattijon da in aka yi wa dukiyarsa ƙima za a kira shi mai hali, amma in aka zazzage aljihun rigarsa ba za a sami kuɗin allura ba. Yana da gidan da ya gada daga mahaifinsa, da zaurensa da rumbunansa. Yana da gonar gero a tudu. Yana kuma da 'yar fadama, ko hwadama kamar yadda muke furta ta a nan, wadda duk mai noman albasa da tafarnuwa a garin ya san iyakarta, yana kuma haɗiyar yawu in ya gifta ta. Abin da dattijon ya rasa shi ne ƙarfin duƙawa. 'Ya'yan da ya zaci za su karɓi fartanyar sun watse: wani yana Sakkwato yana kabu-kabu, wani ya tafi cin rani Kudu har damina biyu ta wuce bai waiwayo ba, matan kuwa kowace tana ɗakin mijinta. To, ta wace hanya wannan bawan Allah zai ci daga abin da ya mallaka tun yana numfashi, ba tare da ya wayi gari ba shi da makwanci ba?

Tambayar ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma an amsa ta a wurare da dama. Wannan maƙala za ta ɗora amsoshi uku a kan ma'auni: ta bankunan Amurka, da wadda wani marubucin Faransa ya yi wa tonon silili a cikin gajeren labari, da kuma tamu ta gargajiya, wato jingina, kamar yadda ake yin ta a Wurno da Rabah da Goronyo. Abin da nake son nunawa shi ne, duk wata yarjejeniya da aka ƙulla a kan dukiyar tsoho, ba a gane alherinta ko sharrinta daga yawan kuɗin da ya shiga hannunsa. Ana gane shi ne daga irin fatan da ta dasa a zuciyar wanda ya ba da kuɗin.

Turawa suna da wani nau'in bashi da sunansa ke nufin jinginar da aka juya baibai. A jinginar gida ta banki da aka saba, mutum yakan karɓi kuɗi a dunƙule ya sayi gida, ya riƙa biya wata-wata, bashin yana raguwa har gidan ya zama nasa. A jinginar baibai kuwa mai gidan ya riga ya mallake shi, sai banki ya riƙa ba shi kuɗi, ko a dunƙule ko wata-wata, ba ya biyan ko sisi, bashin yana kumbura da kuɗin ruwa, har ranar da ya mutu, ko ya sayar da gidan, ko ya ƙaura daga cikinsa. A ranar ne ake sayar da gidan a biya banki, in da saura a miƙa wa magada. An fara ba da irin wannan bashi a 1961 a garin Portland na jihar Maine, ga wata mata da mijinta ya rasu. A 1988 gwamnatin tarayyar Amurka ta tsaya masa da inshora, ta kuma gindaya sharuɗɗa: sai wanda ya cika shekara 62, kuma sai ya zauna da mai ba da shawara wanda ba ma'aikacin bankin ba kafin ya sa hannu.

Adalci ne a faɗi abubuwa biyu masu kyau da ke cikin tsarin. Tsoho yana zaune a ɗakinsa har ƙarshen ransa, ba wanda zai ce masa tashi. Sannan bashin, komai kumburarsa, ba ya tsallake darajar gidan ya faɗa kan magada. In ya zarce, inshora ce ke cike giɓin. Sai dai alƙawarin zama har mutuwa yana da wutsiya. Wanda ya kasa biyan harajin gida ko kuɗin inshorarsa ana iya ƙwace gidan yana raye, kuma an ƙwace na mutane da yawa. An kuma sami matan da ba a sa sunansu a takardar bashin ba, sau da yawa don shekarunsu ba su kai ba, mazan suka rasu, takardar tashi ta iso su tun hawaye bai bushe ba. Sai da kotu ta yanke hukunci a 2013, hukuma ta gyara ƙa'idar a 2014. Kuɗin ruwan kuwa ba ya barci. Bashin da ke hawa da kashi 7 cikin ɗari a shekara yana ninka kansa cikin shekara goma. A Nijeriya, inda Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ninkawar ba ta wuce shekara uku, kuma naira miliyan ɗaya za ta haura miliyan goma kafin shekara goma ta cika. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya rufe maganar kawo tsarin nan ƙasar yadda yake, tun kafin malami ya buɗe baki a kan riba.

Faransawa kuwa tun da daɗewa suna da nasu salon, wanda zan kira cinikin iya-rai. Tsoho yakan sayar da gidansa ko gonarsa bisa sharaɗin zai ci gaba da zama a ciki, mai saye kuma zai riƙa ba shi wani adadi duk wata har ya mutu. In ya mutu da wuri mai saye ya tsinci dami a kala, in ya daɗe ya yi asara. A kan wannan ciniki ne Guy de Maupassant ya gina labarinsa mai suna Le Petit Fût, wato 'yar gangar barasa, wanda ya fito a 1884. Labarin bai fi 'yan shafuka ba, kuma ina ganin ya fi tarin rahotannin masana tattalin arziki fallasa abin da ke cikin al'amarin.

Chicot mai masauki ne a wani gari da ake kira Épreville. Gonarsa tana maƙwabtaka da ta wata tsohuwa mai shekara 72, Magloire. Ya yi tayin sayen gonar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tana ƙi, hujjarta ita ce a nan aka haife ta, a nan kuma za ta mutu. Sai ya zo mata da dabara: ta zauna abinta, kada ta canza komai, shi zai riƙa kawo mata faran 150 duk wata, gonar ta zama tasa bayan ranta. Tsohuwar ba wawuya ba ce. Ta kwana tana juyi, ta je wurin mai rubuta yarjejeniya, ya ce mata gonar ta kai faran 60,000, saboda haka ta nemi 250. Aka daidaita a kan haka. Shekara uku ta wuce, tsohuwa garau, ko tari ba ta yi. Chicot ya gayyace ta cin abinci, ya lura ba ta damu da nama ba amma ta karɓi ɗan kofin barasa, ta kuma ƙara. Washegari ya kai mata 'yar ganga cike har gida, kyauta, da alƙawarin in ta ƙare akwai wata. Ba a daɗe ba gari ya ɗauka cewa tsohuwa tana buguwa ita kaɗai a ɗaki. Hunturu na zagayowa ta faɗi cikin ƙanƙara a buge, aka tsinci gawarta. Chicot ya karɓi gonarsa, yana kuma jajanta wa mutane cewa da ba don shan da ta sa wa ranta ba, da ta ƙara shekara goma.

Gwanintar Maupassant tana cikin abin da ya ƙi yi. Bai sa Chicot ya zuba guba ba, bai sa ya ɗaga mata hannu ba, bai ma sa ya yi mata ƙarya ba. Duk abin da mutumin ya aikata sunansa kyauta da zumunci, babu alƙalin da zai kama shi da laifi. Marubucin bai kuma wanke tsohuwar ba: kwaɗayin ƙarin faran ɗari ne ya ja ta, kuma ita ma caca ta shiga, tana fatan ta daɗe har ta talauta maƙwabcinta. Mai karatu yana rufe labarin ya ga cewa mugun da ke ciki ita ce takardar da suka sa wa hannu. Kafin ranar, Chicot maƙwabci ne mai kwaɗayin gona, irin wanda ba a rasa shi a kowane ƙauye. Bayan ranar, duk gaisuwar da ya yi mata ta koma duba mara lafiya, duk amsar da ta ba shi cewa tana lafiya ta koma masa labarin asara. Inda nake ganin labarin ya gaza shi ne ya bar tsohuwar ita kaɗai tilo a duniya, daga ita sai ɗan aikinta da wasu dangi na nesa da ba su leƙo ba. Wannan ya sauƙaƙa wa marubucin aiki, domin ya kauce wa tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a nan: ina 'ya'ya, ina matar gida, ina sauran masu haƙƙi?

Rayuwa ma ta rubuta nata labarin a bayan na Maupassant, ta juya shi. A 1965 wani lauya a garin Arles, André-François Raffray, mai shekara 47, ya yi cinikin iya-rai da wata tsohuwa mai shekara 90, Jeanne Calment, a kan faran 2,500 duk wata. Ya yi ta biya shekara talatin, ya rasu a 1995 bai kwana ko ɗaya a gidan ba, matarsa ta ci gaba da biya. Tsohuwar ba ta rasu ba sai 1997, tana da shekara 122. Ana ba da labarin don raha, amma caca ɗaya ce da ta Chicot, kawai dai ƙuri'ar ta faɗa ɗaya gefen.

Abin da zai ba ɗalibin zaure mamaki shi ne ya riga ya karanta hukuncin wannan ciniki, wataƙila bai lura ba. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da alƙalan ƙasar Sakkwato suka dogara da shi tun kafin zuwan Turawa, an jera cinikayyar da ba ta inganta ba, a ciki har da mutum ya sayar da kadararsa a kan mai saye ya ciyar da shi iya rayuwarsa. Dalilin shi ne garari: ba wanda ya san tsawon rai, saboda haka ba a san farashin ba. Malamin Masar na ƙarni na 14 ya hango da ma'aunin fiƙihu abin da marubucin Faransa ya nuna da labari bayan shekara ɗari biyar. Bambancinsu shi ne malamin ya tsaya a kan rashin sanin farashi, marubucin kuma ya bi sawun abin da rashin sanin yake haifarwa a zuciya.

Sai mu dawo gida. Ƙasar da ake magana a kanta ƙasar ruwa ce a tsakiyar fari. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a saman fadamar Rima, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Goronyo kuwa tana da madatsar da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 942. A irin wannan wuri gonar tudu tana ba da abinci sau ɗaya a shekara in sama ta yarda, fadama kuwa tana ba da shinkafa da damina, ta ba da albasa da tafarnuwa da alkama da rani, wato ita ce ke kawo kuɗi. Maganar mallakar ƙasa tsohuwa ce a nan, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe mata littafi, Ta'alimur Radi. Manomin Rima bai taɓa jiran banki ya koya masa yadda ake mayar da ƙasa kuɗi ba. Yana da aro, yana da haya, yana da sayarwa, yana kuma da jingina.

Jinginar gona, yadda ake yin ta, mai sauƙin bayani ce. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonar. Mai kuɗi ya noma ta ya kwashe amfanin, shekara nawa ne, har ranar da mai gona ko magadansa suka mayar da kuɗin cif-cif, suka fanshi abinsu. Ba a ƙara kobo a kan uwar kuɗi. Polly Hill ta bayyana irin wannan a nazarin da ta yi na Ɓatagarawa a ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1972, kuma kotunan Nijeriya sun daɗe da tabbatar da cewa gonar jingina ba ta tsufa a hannun mai riƙo, ana fansarta komai daɗewa.

In aka jera ta da jinginar baibai, sai a ga kowace ta riƙe abin da ɗayar ta saki. Ta Amurka ta bar tsoho da kadararsa a hannu, ta saki bashi yana girma. Tamu ta ɗaure bashin wuri ɗaya, ta raba tsoho da kadarar tun ranar farko. Ɗaure bashin ba ƙaramar ni'ima ba ce a ƙasar da kuɗinta ke narkewa. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya jinginar da fadama a wancan lokaci, yau ɗansa zai iya fansarta da kuɗin buhunan albasa ƙalilan. Ga kuma abin da ya fi wannan: mai riƙon jingina ba shi da wata riba a mutuwar mai gona. Hasali ma rayuwar tsohon ce ke yi masa amfani, domin muddin yana raye ba shi da halin fansa, mai riƙo yana noma. Ranar da ya mutu magada za su taru su haɗa kuɗi. Ta wannan fuska jingina ta fi cinikin Chicot tsabta nesa ba kusa ba.

Sai dai ita ma tana dasa nata fatan, kuma ba mai kyau ba ne. Mai riƙo ba ya fatan tsoho ya mutu, yana fatan kada ya samu. Kuma yarjejeniyar da kanta take cika masa fatan, tunda ta ƙwace wa mai bashi abin da zai noma ya biya bashin. Wanda aka karɓe wa fadama da me zai fanshi fadama? Saura ɗan geron tudu, wanda ba ya kai gidan bazara. Nan ne ƙari yake shigowa. Matar tsoho ta kwanta ciwo, ko jika za ta tare, ko ruwa ya ci katanga, sai ya lallaɓa wurin mai riƙon gonarsa, domin ba shi da wani wanda zai tunkara. Shi kuwa ba ya taɓa hanawa. Yakan ce, Baba, ai ba komai, riƙe wannan, sai ka samu. A ɗora a kan na da. Bayan ƙari uku ko huɗu kuɗin ya kusa farashin gonar, sai wata rana a ce tunda abin ya kai haka, a cika masa 'yan canji a rufe magana. Wannan ƙari shi ne 'yar gangarmu. Kyautatawa ce a idon kowa, ba mai iya zargin wanda ya bayar, mai karɓa ma godiya yake yi, kuma kowane zuwa yana matso da ranar da gona za ta canza suna.

Malamanmu ba su taɓa sakin jiki da wannan al'ada ba. Jingina kanta halal ce, tana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma jingina a shari'a amana ce ta tabbatar da bashi, ba hanyar cin amfani ba. A mazhabar Malikiyya ba a yarda mai riƙo ya ci moriyar abin jingina ba in bashin rance ne, domin ya zama rancen da ya jawo amfani. An sassauta ne kawai in bashin na ciniki ne, aka kuma ambaci moriyar da wa'adinta tun farko. Wanda ya ba da dubu ɗari biyar ya kwashe albasar rani bakwai, sannan ya karɓi dubu ɗari biyarsa cif, ya ci abin da ya fi kuɗin ruwan kowane banki, ko da kalmar ba ta fito daga bakin kowa ba. Mun ƙyamaci riba in ta zo da takarda da hatimi, mun yi mata shimfiɗa in ta zo a buhu.

Rashin rubutu kuwa shi ne ke cika ɓarnar. Akasarin jingina da baki ake yin ta, a gaban mutum biyu ko uku waɗanda su ma tsofaffi ne. Shekara ashirin ta wuce, mai gona ya rasu, shaidu sun rasu, magada sun zo da kuɗi, 'ya'yan mai riƙo su rantse cewa ubansu saye ya yi. Shari'a ta san hukuncin hauzi, wato wanda ya riƙe ƙasa shekara goma a gaban mai ita yana gani bai yi magana ba, da'awar mai ita ta raunana. Jingina ba ta shiga wannan hukunci, amma sai an tabbatar jinginar ce, kuma wa zai tabbatar? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke gaba da ayar jingina kai tsaye, umurni ce da a rubuta bashi.

Gida kuwa wata magana ce dabam, kuma a nan ne jinginar baibai ta fi rasa wurin tsugunawa. Tsarin ya ginu ne a kan mutum ɗaya, ko miji da mata, a cikin gida mai takarda, a unguwar da in an kafa allon sayarwa za a sami mai saye. Gidan gado a Wurno ba haka yake ba. A bayan zaure ɗaya akwai sashen maigida, da na ƙaninsa, da ɗakin gwaggon da aurenta ya mutu ta dawo, da marayun wan da ya rasu, kuma sau da yawa ba a taɓa raba gadon kakan ba ballantana a ce ga mai shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ba a jinginar da fili mai takardar gwamna sai da yardarsa, na karkara kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma, alhali mafi yawan gidajen ba su da takardar ko ɗaya. Ko da an tsallake wannan duka, ranar da maigida ya rasu banki ya zo karɓar gida, matansa suna cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, wadda shari'a ta ce a ɗakinsu za su yi ta. Matsalar da Amurka ta kai kotu a kan mace ɗaya, a nan za ta iya zama ta mata uku da 'ya'ya goma sha biyar.

Duk da haka ba zan bar jinginar baibai ta tafi ba tare da na karɓi wani abu daga hannunta ba, domin ta faɗi gaskiyar da mu muke jin nauyin faɗa: dukiyar tsoho tasa ce. Gado ba ya zama gado sai an mutu. Amma a zahiri mukan fara rabon tun mai abin yana zaune a kan buzunsa. In ya ce zai sayar da gona ya yi jinyar idonsa, 'ya'yan da ba su aiko da ko mudu ba su ne za su fara cewa zai bar su a tsiya, gari kuma ya taya su, a ce tsufa ya taɓa shi. Kunyar sayar da gonar gado ita ce ke tura tsofaffi da yawa ga jingina, domin ana yin ta a ɓoye, sunan gona bai canza ba, mutunci bai zube ba, ko da cinikin ya fi sayarwar muni. In kuma ya so ya saka wa 'yar da ta tsaya tana jinyarsa, hanyoyin a ƙuntace suke: babu wasiyya ga magaji, kyautar gidan da yake zaune a ciki kuwa ba ta tabbata a Malikiyya sai ya fita ya bar mata shi.

Adabinmu ma ya bi sahun garin. Littattafan zube da finafinan Hausa cike suke da rikicin gado: baffan da ya cinye dukiyar marayu, kishiyar da ta ɓoye takardun gida, ɗan da ya sayar da gona ya tafi birni ya lalace. A duk waɗannan, labarin yana farawa ne bayan an dawo daga maƙabarta, kuma idon marubuci yana kan magada. Tsohon da ke zaune a kan dukiya yana jin yunwa, wanda kowa ke gaishe shi da ladabi, kowa kuma yana ƙirga masa kwana, da wuya ya zama tauraro. Turawa suna da Sarki Lear na Shakespeare, wanda ya raba mulkinsa yana raye ya ƙare a fili cikin hadari. Muna da kayan da suka fi nasa kusa da ƙasa, ga fadama, ga ƙari, ga shaidun da suka mutu, ga ɗan da ya dawo daga Legas da kuɗin fansa ya tarar an dasa mangwaro a gonar. Marubucin da ya fito daga gabashin Sakkwato bai da uzurin aron labari.

Da za a tambaye ni abin da ya fi dacewa da dattijon da na fara da shi, da na ce haya mai wa'adi, wadda manoman rani sun riga sun san ta. Ya ba da fadamar rani uku a kan kuɗi sananne, a biya shi tun farko, a rubuta a gaban hakimi da liman, kowa ya riƙe kwafi. Rani uku na cika gona ta dawo da kanta, ba fansa, ba ƙari. Shari'a ba ta da ja a kai, mai haya ba ya jiran mutuwarsa, ba ya kuma jiran talaucinsa. Ko jinginar ce ta zama dole, ana iya ƙiyasta amfanin kowace shekara a riƙa cire shi daga uwar kuɗi har bashin ya cinye kansa. Aibin hanyar shi ne kuɗin da take kawowa kaɗan ne. Ya isa cefane da magani, bai isa babbar musiba ba.

Musibar kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A Satumbar 2010 ambaliya ta shafe gonaki da gidaje daga Goronyo zuwa Wurno har Sakkwato, kuma wanda ruwa ya ci rumbunsa ba ya zaɓen mai ba shi rance. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah, waɗanda suka tsira suka cika makarantar garin Gandi. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. Tun daga waɗannan shekaru kalmar fansa ta sami ma'ana ta biyu a bakin mutanen gabas, ta kuma danne ta farko. Gonar da ke kusa da daji ta faɗi, domin ba mai zuwa nomanta, wadda ke kusa da gari ta yi tsada, masu kuɗi kuma sun san haka. Ranar da waya ta shigo daga daji aka ambaci miliyoyi aka ba da kwana uku, dattijon ba zai nemi hakimi ba, ba zai ƙiyasta amfanin rani ba. Zai ɗauki sandarsa bayan sallar isha'i ya nufi ƙofar mutumin da ya san yana da kuɗin albasa a ɗaki, shi kuwa zai fito da fara'a ya shimfiɗa masa tabarma.